Hasumiyar Denmark Hill: Makarantar da Aka Gina Don Tunawa da William Booth

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Denmark Hill, can kudancin birnin Landan, da ya fito ƙofa ya ɗaga kai zai yi arba da wata doguwar hasumiya ta bulo, tsawonta ƙafa 190, tana tsaye bisa tudu, ga dogayen gine-gine sun miƙe dama da hagu da ita. Baƙo yakan zaci majami'a ce. Wani ya ce barikin soja ne, wani kuwa ya rantse gidan wutar lantarki ne. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa, kamar yadda za mu gani nan gaba, amma ainihin abin makaranta ce. An gina ta ne don tunawa da William Booth, mutumin da ya kafa ƙungiyar nan ta Kirista masu taimakon matalauta wadda Turawa ke kira Salvation Army, watau Rundunar Ceto. An buɗe ta cikin 1929, shekara ɗari daidai bayan haihuwarsa.

Kada sunan wurin ya ruɗar da mai karatu. Denmark Hill unguwa ce a yankin Camberwell na Landan, ta samo sunanta daga Yarima George na ƙasar Denmark, mijin Sarauniya Anne ta Ingila. Maƙwabtan makarantar manyan asibitoci biyu ne, King's College da Maudsley, na biyun nan kuwa na masu ciwon taɓin hankali ne.

A farfajiyar gaba akwai mutum-mutumi biyu na tagulla, aikin wani gwani mai suna George Wade. Ɗaya na dogon tsoho ne mai gemu, sanye da doguwar rigar soja, ya ɗaga hannu kamar yana tsakiyar wa'azi. Ɗayan na matarsa ne, Catherine. Ban da waɗannan biyu, babu wani ado na a zo a gani a fuskar ginin. Kabarin Booth ma ba nan yake ba, yana can arewacin birnin. To, me ya sa mutanen da suka so girmama shugabansu suka zaɓi su gina masa ajujuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai? Sai mun san mutumin tukuna za mu gane.

Yaron Kantin Jingina

An haifi William Booth ran 10 ga Afrilu, 1829, a Sneinton, wata unguwa ta garin Nottingham a tsakiyar Ingila. Ubansa Samuel ya taɓa riƙe ɗan abin hannu, sa'an nan ya karye. Cikin 1842, yaron yana da shekara 13, aka cire shi daga makaranta aka kai shi koyon aiki wurin wani mai kantin jingina, a shekarar nan kuma uban ya rasu.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan kantin nan, domin nan ne makarantar Booth ta farko. A Ingila ta wancan zamani, kantin jingina shi ne bankin talaka. Mace takan zo ran Litinin da rigar da mijinta ya sa ya je coci jiya, ta ajiye ta karɓi 'yan suloli ta ciyar da gida. Ran Asabar in an biya miji albashi ta zo ta fanshe, ta biya riba a kai. Ran Litinin ta sake dawowa. Wata rana kuma a kawo bargo, ko tukunya, ko zoben aure, waɗansu ba a dawowa fansarsu har abada. Shekara shida yaron nan ya yi a bayan kanta yana rubuta kayan mutane a littafi. Ya ƙi jinin aikin har ƙarshen ransa, amma a nan ya koyi abin da manyan limaman zamaninsa da yawa ba su sani ba, watau yadda talauci ke cin gida a hankali, yau cokali gobe tabarma.

Yana da shekara 15 ya shiga ɗarikar Methodist da gaske, ya fara wa'azi a kan titi. Da ya gama koyon aiki ya yi zaman kashe wando wajen shekara guda, sai cikin 1849 ya tafi Landan neman abinci, bai kuwa sami kome ba sai aikin da ya gudo ya bari, a wani kantin jingina a Walworth, ba nisa da inda hasumiyar nan take yanzu. A kudancin Landan ɗin ne ya haɗu da Catherine Mumford, suka yi aure cikin 1855. Ya zama limamin wani reshe na Methodist, amma shi mai son yawon wa'azi ne gari gari, shugabanninsa kuwa suna so ya zauna wuri ɗaya. Da aka kasa daidaitawa, cikin 1861 ya ajiye aikin, ga mata ga 'ya'ya ƙanana, ba albashi.

Daga Tanti Zuwa Runduna

Ran 2 ga Yuli, 1865, aka gayyace shi ya yi wa'azi cikin wani tanti da aka kafa a tsohuwar makabarta a Whitechapel, gabashin Landan. Daga wannan rana 'yan ƙungiyar ke ƙidaya shekarunsu. Gabashin Landan a lokacin shi ne matattarar duk wanda birnin ya tofar: 'yan dako na bakin ruwa, da mashaya, da karuwai, da yaran da ba su san iyayensu ba. Niyyar Booth da farko ita ce ya jawo su ya miƙa wa majami'un da ke akwai. Sai ya tarar su ba sa son zuwa, in sun je kuma masu kujerun gaba suna toshe hanci. Dole ya riƙe abinsa.

Cikin 1878 ƙungiyar ta ɗauki sunan da aka san ta da shi yanzu, ta kuma ɗauki tsarin soja gaba ɗaya. Booth ya zama Janar. Masu wa'azi suka zama hafsoshi, kyaftin da manjo da kanar, mabiya suka zama soja. Aka yi tuta mai launin ja da shuɗi da rawaya, aka ɗinka kayan sarki, aka fito da 'yan badujala suna busa a kan titi, har suna ɗaukar muryoyin waƙoƙin mashaya su sa musu kalmomin addini. Jaridarsu, War Cry, ta fara fitowa cikin 1879. Duk wanda ya shiga sai ya yi alkawarin barin giya ƙwata-ƙwata.

Wannan alkawari shi ya jawo musu duka. Masu gidajen giya suka ga ciniki yana raguwa, sai aka sami 'yan tauri da suka kira kansu Rundunar Ƙwarangwal, suna bin jerin gwanon 'yan Booth da jifa da duwatsu da ruɓaɓɓen ƙwai. Cikin 1882 kaɗai an ji wa mutanensu fiye da 600 rauni, da mata a ciki da yawa. Waɗansu alƙalai ma maimakon su hukunta masu jifa, sai su ɗaure wanda aka jefa, wai shi ya tare hanya.

Zancen mata kuwa, nan ne za a gane dalilin da ya sa mutum-mutumin Denmark Hill biyu ne. Catherine Booth ta rubuta ɗan littafi tun 1859 tana kare haƙƙin mace ta yi wa'azi, ita kanta ta hau mumbari cikin 1860 a garin Gateshead. A shekarun farko, sa'ad da mijinta ke fama a Whitechapel, ita ce ke zuwa unguwannin masu kuɗi tana jawabi, abin da ta samo da shi ake cin tuwo a gida. Saboda ita aka kafa doka cewa mace tana iya riƙe kowane muƙami a rundunar, har ta shugabanci maza. A zamanin da matan Ingila ba su da ko ƙuri'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mata bakwai ne suka raka George Railton ya kai aikin Amurka cikin 1880, 'yar Booth kuma, Kate, ita ta kai shi Faransa cikin 1881. Indiya ta biyo baya cikin 1882.

Dokin Haya da Ɗan Adam

A shekarun farko Booth mai wa'azi ne kurum, ceton rai ya sa a gaba. Abin da ya juya shi shi ne abin da hafsoshinsa ke gani kullum. Ɗansa Bramwell ya ba da labari cewa wata safiya ya tarar da tsohon a fusace, domin daren jiya ya ga mutane kwance a kan gadojin Landan cikin sanyi, ya tambaye shi ko ya san da haka. Da Bramwell ya ce ya sani, sai uban ya umurce shi ya je ya nemi ko wane irin rumbu ne ya zuba su ciki. Cikin 1888 aka buɗe gidan abinci mai arha da wurin kwana na farko a Limehouse.

Cikin Oktoba 1890 Catherine ta rasu da ciwon daji. A watan nan kuma littafin Booth ya fito, wanda wani ɗan jarida, W. T. Stead, ya taimaka masa rubutawa. Sunan littafin kansa tsokana ne. A shekarar nan Henry Stanley ya buga nasa littafin a kan tafiyarsa cikin dazuzzukan Kwango, ya sa masa suna In Darkest Africa, watau cikin Afirka mafi duhu, Turawa suna ta karantawa suna jinjina kai. Sai Booth ya kira nasa In Darkest England and the Way Out, watau cikin Ingila mafi duhu da hanyar fita. Ma'anarsa a fili take: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da aka yi wa wancan laƙabi ba za mu rasa jin daɗin wannan martani ba, ko da yake Booth bai musa abin da Stanley ya faɗa a kanmu ba, aron hoton kawai ya yi.

Lissafinsa shi ne mutum miliyan uku, kashi ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar, sun nutse cikin fatara. Abin da ya roƙa musu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ya ce a dubi dokin da ke jan keken haya a titin Landan: yana da abinci, yana da wurin kwana, yana da aikin da zai ci abincin da shi, in kuma ya faɗi a hanya akan taru a tashe shi ba tare da an tambayi laifin wane ne ba. A ba ɗan adam daidai abin da aka ba doki. Dabararsa hawa uku ce: a fara tsamo mutum a birni a ba shi aiki da makwanci, sa'an nan a kai shi gona ya koyi noma, daga nan a tura shi ƙasashen ƙetare inda ke da fili. Ya nemi fam 100,000 na farawa, cikin 'yan watanni kuwa ya samu.

Hawa na ukun bai yi nisa yadda ya so ba. Amma cikin 1891 an sayi gona a Hadleigh, a lardin Essex, wadda har yanzu tana hannun rundunar. A shekarar nan kuma suka buɗe masana'antar ashana a Old Ford. Dalili shi ne, masana'antun lokacin suna amfani da wani sinadari, farin fosfaras, wanda tururinsa ke ruɓar da ƙashin muƙamuƙin 'yan matan da ke aikin. Booth ya yi tasa ashanar da jan fosfaras marar cutarwa, ya kuma biya ma'aikata fiye da yadda ake biya a waje. Masana'antar ba ta daɗe ba, wajen shekara goma ta yi, amma ta nuna abin yana yiwuwa. Cikin 1908 majalisar ƙasar ta yi dokar hana farin fosfaras, ta fara aiki cikin 1910.

Ba kowa ya yaba ba. Masanin kimiyyar nan T. H. Huxley ya yi ta rubuta wasiƙu a jaridar The Times yana gargaɗin cewa haɗari ne a danƙa wa mutum ɗaya irin wannan dukiya da irin wannan biyayya. Aka yi ta raɗe-raɗin kuɗi, har cikin 1892 aka kafa kwamitin bincike wanda Lord Onslow ke ciki, ya duba littattafai ya wanke Booth. Daga baya marubuta irin su Jack London da George Orwell, waɗanda suka shiga cikin marasa galihu suka ɗanɗana zamansu, sun yi ƙorafin cewa a gidajen rundunar sai mai yunwa ya sha wa'azi da horo kafin ko bayan ya sha miya. A ganinmu zancen kuɗi ƙazafi ne, an kuwa tabbatar. Zancen wa'azi da miya yana da ƙamshin gaskiya, kuma duk mai ba da sadaka da sunan addini, ko wane addini ne, ya kamata ya saurare shi. Amma gargaɗin Huxley a kan mulkin mutum ɗaya shi ne wanda ya jira shekara talatin da 'yan kai sa'an nan ya faɗo, kuma a daidai kan ginin nan ya faɗo.

Wasiyyar Tsoho

Wanda aka jefa da ruɓaɓɓen ƙwai ya rayu har ya ga Sarki Edward na Bakwai ya karɓe shi a fada cikin 1904, birnin Landan ya ba shi lambar girmamawa cikin 1905, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa cikin 1907. Ya makance a ƙarshe. Ya rasu ran 20 ga Agusta, 1912, yana da shekara 83. Mutum wajen 150,000 suka bi layi suka wuce ta gaban gawarsa a Clapton, aka yi masa addu'a a babban zauren Olympia, Sarauniya Mary tana cikin taron, sa'an nan aka binne shi kusa da matarsa a makabartar Abney Park.

Cikin shekarunsa na ƙarshe akwai wani buri da yake yawan ambata. Ya ce akwai jami'o'in koyon likita da shari'a da injiniya, amma babu inda ake koya wa mutum yadda zai tsamo ɗan'uwansa daga giya, ko kurkuku, ko kwanan titi. Yana so a kafa abin da ya kira jami'ar ɗan adam. Ya san kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa, domin ya ga masu niyya da yawa sun shiga Whitechapel da zafi sun fito da sanyi. Rundunar tana da wurin horon hafsoshi a Clapton tun farkon shekarun 1880, a wani tsohon gidan marayu, amma ya yi mata kaɗan, ya kuma tsufa.

Saboda haka da Bramwell ya gaji ubansa, sai ya sanar cewa abin tunawa da Janar na farko zai zama makarantar horo. Aka fara tara kuɗi. Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke cikin 1914, kome ya tsaya. Mutanen Nottingham dai sun gina nasu zauren tunawa da shi a garin haihuwarsa, amma babbar makarantar sai a ƙarshen shekarun 1920 aka sa mata hannu.

Maginin da Kuɗi Suka Yi wa Aski

Wanda aka ɗauko ya tsara fuskar ginin shi ne Sir Giles Gilbert Scott, ɗaya daga cikin manyan masu tsara gine-gine na Ingila, jikan wani mashahurin magini mai irin sunansa. Shi ya tsara babbar majami'ar Anglika ta Liverpool tun yana saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, alhali shi ɗan Katolika ne. Shi ya tsara jan akwakun tarho da aka san titunan Ingila da shi. Daga baya ya sa hannu a gidan wutar lantarki na Battersea, da na Bankside wanda yanzu ya zama gidan nuna zane-zane na Tate Modern, da ɗakin karatu na Jami'ar Cambridge, da gadar Waterloo, shi ne kuma ya sake gina zauren majalisar wakilai bayan bom ya rushe shi a yaƙin duniya na biyu. To, ka ji dalilin da baƙon da ya ce gidan lantarki ne bai yi nisa da gaskiya ba. Hannu ɗaya ne, son bulo ɗaya ne, da son doguwar hasumiya a tsakiya.

A zanen farko an yi niyyar ƙawata tagogi da sassaƙaƙƙen dutse irin na tsofaffin majami'u. Amma kuɗin ginin daga aljihun mabiya da masu taimako yake fitowa, sau da yawa ana rage kasafi, kowane ragi kuwa sai ya tafi da wani ado. Abin da ya rage shi ne bango miƙaƙƙe, da layin tagogi, da hasumiya. Waɗansu suna ganin wannan hasara ce. Mu dai muna ganin rashin kuɗin ya yi wa Booth adalci fiye da yadda yalwa za ta yi. Mutumin da ya fara a tanti, wanda ya yi ta hayar gidajen rawa da rumbunan kaya yana wa'azi a ciki, da wuya ya yarda a kashe fam dubbai a kan furannin dutse.

Bayan hasumiyar akwai babban zauren taro, da ajujuwa, da jerin gidajen kwana da aka yi don ɗaruruwan ɗalibai, maza a gefe mata a gefe. Tsarin zaman na bariki ne: ƙaho ya tashe ka, a duba ɗakinka, ka yi shara da wanke-wanke da hannunka, ka shiga aji, da yamma a tura ka titi ko gidan giya ka sayar da jarida ka yi magana da mutane. Mai cewa barikin soja ne, shi ma ga rabonsa.

Shekarar Buɗewa, Shekarar Rikici

Yanzu sai mu koma kan gargaɗin Huxley. Takardar da ta kafa rundunar cikin 1878 ta ba Janar iko kusan marar iyaka. Dukiyar ƙungiya duk da sunansa take, shi ke naɗawa shi ke saukewa, shi ne kuma zai zaɓi magajinsa, ya rubuta sunan ya rufe cikin ambulan, ba za a buɗe ba sai bayan ransa. Haka aka yi cikin 1912, aka buɗe aka ga sunan Bramwell. Tun kafin nan ma tsaurin mulkin ya riga ya fasa gidan: ɗansa Ballington ya fita cikin 1896 ya kafa tasa ƙungiyar a Amurka, Herbert da Kate kuma suka fita cikin 1902. Sai dai cikin 1904 William Booth ya yarda aka ƙara wani sharaɗi, cewa in Janar ya kasa aiki, majalisar manyan hafsoshi tana iya taruwa ta sauke shi.

Bramwell ma'aikaci ne na gaske. Shi ya riƙe ofis shekara talatin yana bayan ubansa, shi ya mai da wutar tsohon ta zama tsari. Cikin 1885 har kotu aka kai shi tare da Stead a kan yaƙin da suka yi da cinikin 'yan mata, yaƙin da ya sa aka ɗaga shekarun yarda a dokar ƙasar daga 13 zuwa 16, aka sallame shi, aka ɗaure Stead wata uku. Amma da ya tsufa, manyan hafsoshi suka fara zargin yana fifita iyalinsa, suna tsoron sunan da ke cikin ambulan na ɗaya daga cikin 'ya'yansa ne. Cikin masu neman gyara har da ƙanwarsa Evangeline, wadda ke shugabancin rundunar a Amurka.

Cikin 1928, ana tsakiyar ginin Denmark Hill, ciwo ya kwantar da shi. Ran 8 ga Janairu, 1929, majalisar ta taru karo na farko a Sunbury Court, a bakin kogin Thames, mutum 63. Suka roƙe shi ya sauka, ya ƙi. Suka yanke cewa ba shi da lafiyar riƙe aiki. Aka kai magana kotu, abin da ya girgiza mabiya ƙwarai, alƙali ya ce ba a sauke mutum sai an ji ta bakinsa. Majalisa ta sake zama, ta saurari lauyansa, ran 13 ga Fabrairu ta sauke shi, ta zaɓi Edward Higgins, Janar na farko da ba Booth ba, na farko kuma da aka zaɓa da ƙuri'a. Ambulan ɗin ba a yi aiki da ita ba. Sarki George na Biyar ya ba Bramwell lambar girma bayan 'yan makonni, amma bai daɗe ba, ya rasu ran 16 ga Yuni yana da shekara 73.

Cikin Yuli, ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba, Yarima George ɗan Sarki ya zo ya buɗe makarantar. Wanda ya yi shekara goma sha shida yana tara mata kuɗi bai ga ranar ba. Wanda ya karɓi baƙi a ƙofa shi ne mutumin da aka zaɓa a maimakonsa. Abin tausayi ne, ba mu kuwa ga amfanin a ɓoye shi ba. Amma mai duban al'amari da idon basira zai ga cewa abubuwan nan biyu, makarantar da juyin mulkin, aiki ɗaya suka yi. Ƙungiyoyi da yawa, a kowace ƙasa da kowane addini, sukan mutu tare da wanda ya kafa su, ko su zama gadon gida 'ya'ya da jikoki su yi ta ja har igiya ta tsinke. Cikin shekara ɗaya Rundunar Ceto ta sami wurin da za ta riƙa ƙera shugabanni daga 'ya'yan kowa, ta kuma sami hanyar zaɓensu. Cikin 1931 majalisar dokokin Ingila ta tabbatar da tsarin zaɓen da doka, aka kuma mai da dukiyar hannun amintattu. Gidan Booth bai fita gaba ɗaya ba, domin Evangeline ta zama Janar cikin 1934, amma da ƙuri'a ta hau, ita ce kuma mace ta farko.

Abin da Ke Ciki Yanzu

Aikin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 130. Ya iso Ikko cikin 1920, ya shiga Gana cikin 1922, tun ana kiranta Gwalkwas. Yawancin ƙasashen suna da nasu makarantun horo yanzu, kuma mafi yawan sojan rundunar a Afirka da Asiya suke. Janar da aka zaɓa cikin 2023, Lyndon Buckingham, mutumin New Zealand ne.

A Ingila kuwa, inda zuwa coci ya ragu ƙwarai, ɗaliban Denmark Hill ba su kai ko kusa da yawan da aka yi ginin dominsu ba. Da 'yan samari da 'yan mata ne marasa aure ke zuwa su yi 'yan watanni. Yanzu horon shekara biyu ne, da yawa kuma magidanta ne da suka bar wani aiki, suna zuwa da 'ya'yansu, har aka mai da tsofaffin ɗakunan kwana suka zama gidajen iyali. Ana koya musu ilmin addininsu, da aikin jin ƙai, da riƙon kuɗi, ana kuma tura su gidajen marasa makwanci da na masu fama da shaye-shaye su koya da hannu. Hukuma ta sa ginin cikin jerin waɗanda doka ta hana a rushe ko a sauya musu fuska.

A cikin ginin ne kuma aka ajiye ɗakin tarihin rundunar, inda masu bincike ke zuwa duba takardu, baƙi kuma su ga tutocin farko da kayan sarki da hulunan mata masu tauri da aka yi don kare kai daga jifa. Daga nan zuwa Walworth, inda saurayin Nottingham ya yi zaman kantin jingina cikin 1849, tafiyar ƙasa ce ta wajen rabin sa'a, a gangara tudu a bi ta Camberwell Green.